Koyiloba ga Toyota 86: sifirin 6/6, 8/8 ko 10/8?

Ɗan-86 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙafar mota. Ina da Toyota 86 ta 2013, mai giyar hannu, inji yana nan yadda kamfani ya haɗa shi, ban taɓa komai ba. Shokazobar baya ta fara tsiyayar mai, kuma idan na taka birki da ƙarfi hancin motar yana nutsewa fiye da yadda na saba. Tunda canjin ya zama dole, na ga gara in saka koyiloba ƙafa huɗu gaba ɗaya, irin wadda sifirin yake zagaye da shokazoba kuma ake iya ɗaga ta ko sauke ta.

Da ita nake zuwa aiki kullum, hanyar kuwa akwai faci da gargada. Lokaci-lokaci nakan shiga filin tsere don in koyi tuƙi, ba gasa nake yi ba. Na cire Michelin Primacy HP 215/45 R17 da ta zo da su, na saka 225/45 R17 masu ɗan kama ƙasa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙarfin sifirin. Wani kamfani ya rubuta 6/6, wani 8/8, wani 10 a gaba 8 a baya, wasu ma da lb/in suke rubutawa. Wani abokina ya ce in ɗauki mafi tauri, wai shi ne zai hana mota kwanciya a kwana. Sannan wata koyilobar tana da dannin saitin taurin shokazoba 32, wata 10 kawai, wata babu ko ɗaya. Yawan dannin yana nuna inganci ne? Kuma milimita nawa ya kamata in sauke ta?

Injiniya Tsoho ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye maganar sunan kamfani tukuna, mu fara warware lambobin nan, domin a nan mafi yawan mutane suke ɓacewa.

Idan aka ce sifirin 6 ne, ana nufin kilo 6 ne zai matse shi da milimita ɗaya. 1 kg/mm daidai yake da kusan 56 lb/in, ko 9.8 N/mm. Ke nan 6 ya zama 336, 8 ya zama 448, 10 ya zama 560. Sifirin ɗin da motarka ta fito da shi yana tsakanin 2 ne da 4. Wanda ya ce ka saka 10 a gaba yana cewa ne ka ninka taurin gaban motarka kusan sau huɗu, a kan hanyar da kai da bakinka ka ce akwai faci.

To amma lambar da ke jikin sifirin ba ita taya take ji ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe. Gaban 86 tsarin MacPherson ne: shokazoba a ɗaure take kai tsaye da ƙarfen da ke riƙe da taya, saboda haka idan taya ta hau da milimita 10, sifirin ma kusan 10 ɗin zai matsu, mu ce 9.5. Baya kuwa hannaye biyu ne, sama da ƙasa, kuma shokazoba tana zaune a kan hannun ƙasa, ta ɗan shiga ciki daga taya. Taya ta hau 10, sifirin ya matsu wajen 7.5. Wannan rabon, 0.95 a gaba da kamar 0.75 a baya, sai ka ninka shi da kansa, domin hannun yana rage maka sau biyu: tafiyar sifirin ta ragu, ƙarfin da yake mayarwa ga taya ma ya ragu. 0.95 sau 0.95 ya ba da 0.90. 0.75 sau 0.75 ya ba da 0.56. Ke nan a saitin 6/6, tayar gaba tana jin 5.4, ta baya tana jin 3.4. A takarda sun yi kunnen doki, a ƙasa kuwa gaba ya fi baya tauri da fiye da rabi.

Kada ka ɗauki 0.75 ɗin nan tawa a matsayin yankakkiyar magana. Ka auna da kanka: ka ɗaga motar, ka cire sifirin, ka mayar da shokazoba ita kaɗai, ka sa jak a ƙarƙashin hannu, ka ɗaga cibiyar taya da milimita 20 daga inda take zama idan mota tana ƙasa, ka auna nawa shokazoba ta shige. Ka raba na biyun da na farkon.

Daga nan sai lissafin da injiniyoyi suke amfani da shi wajen kwatanta mota da mota, wato sau nawa jikin mota zai yi sama da ƙasa a daƙiƙa ɗaya idan sifirin ne kaɗai ke riƙe da shi. Da Hz ake auna shi. Ka mayar da taurin da taya take ji zuwa N/m (wato ka ninka shi da 9,800), ka raba da nauyin da ke kan sifirin na wannan ƙafar, ka danna alamar √ a kalkuleta, sannan ka raba da 6.28. Motarka tana da nauyin kilo 1,250 ko kusa da haka, kashi 53 a gaba, 47 a baya. Idan ka zauna a ciki, aka cire nauyin taya da birki da abin da ke rataye ƙarƙashin sifirin, za ka samu kamar kilo 300 a kowace ƙafar gaba, 270 a kowace ta baya.

Da waɗannan, sifirin 5 a gaba ya ba da 1.9 Hz, 6 ya ba da 2.1, 8 ya kai 2.45, 10 kuwa ya haura 2.7. A baya, 6 ya ba da 1.75, 7 ya ba da 1.9, 8 ya ɗan wuce 2. Motocin iyali suna tsakanin 1 ne da 1.5. Motar gudu ta kan titi 1.5 zuwa 2. Daga 2 zuwa 2.5 ka shiga motar fili mai tayar tsere. Abin da ya kai 3 zuwa sama na motocin da fukafukai ke danne su ne a ƙasa, waɗanda dole sifirin ya ɗauki nauyin iska ban da na mota. Kai ba ka da fuffuke, ba ka da tayar tsere. Me za ka yi da 2.7?

Sifirin mai tauri ba ya ƙara wa taya kama ƙasa. Aikinsa ya hana jikin mota kwanciya har taya ta karkace, ya kuma hana shokazoba kaiwa ƙarshenta. Da zarar ya wuce abin da ake bukata don wannan, sai ya fara cutarwa: taya ta ci karo da faci a tsakiyar kwana, maimakon sifirin ya shanye, sai ya jefa jikin motar sama, taya ta yi sauƙi na ɗan lokaci, motar ta yi tsalle gefe. Tayar da ba ta danne a ƙasa ba babu abin da take riƙe maka.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida ta Maurice Olley, injiniya ɗan Ingila da ya yi aiki da Rolls-Royce kafin ya koma General Motors a Amurka, inda ya yi bincikensa a shekarun 1930. Ya lura cewa tayar gaba ce take fara hawa tudu, ta baya ta biyo daga baya. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya a motarka milimita 2,570 ne, a gudun kilomita 100 a awa tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Idan baya ya ɗan fi gaba saurin motsi, kamar da kashi goma cikin ɗari, zai cim ma gaban, motar ta hau ta sauka a shimfiɗe. Idan gaba ne ya fi sauri, sai ta riƙa gyaɗa kai, hanci sama gindi ƙasa, kuma wannan gyaɗawar ita take gajiyar da wuya a doguwar tafiya. 10/8 da aka nuna maka 2.7 ne a gaba, 2 a baya. Ƙa'idar an juya ta gaba ɗaya.

Da ni ne da irin amfaninka, 5 a gaba da 7 a baya zan nema, domin kowannensu kusan 1.9 Hz yake bayarwa.

Maganar danni kuwa, yawansa ba ya nuna komai sai yadda aka yanka allurar saitin. Abin da ke da muhimmanci yana ciki, a fistin da bawul. Shokazoba mai kyau takan riƙe da ƙarfi idan sandarta tana tafiya a hankali, wato lokacin birki da shiga kwana, sannan ta saki idan aka buge ta da sauri, kamar bakin rami. Saurin da ake magana a nan na sandar shokazoba ne, ba na mota ba. Ka nemi mai sayarwa ya nuna maka takardar gwajin na'ura mai zanen ƙarfi da sauri. Ka kuma tambaya ko ana buɗe ta a yi mata sabis, a canza mai da robobi, domin mai yana gajiya. Koyiloba irin KW V1 da Bilstein B14 ba su da saitin tauri ko ɗaya, tsayi kawai ake gyarawa, kuma mutane da yawa sun fi samun natsuwa da irinsu saboda babu inda za su ɓata. KW V2 tana ba ka saitin miƙewa, wato dawowar shokazoba bayan ta matsu, V3 ta raba miƙewa da matsewa kowanne da nasa. Bilstein B16 danni 10 gare ta, yana taɓa duka biyun tare.

Mai Sifana ya amsa:

Malam Injiniya ya gama da lissafi, ni bari in faɗi abin da nake gani a ƙarƙashin mota.

Yawancin motocin da ake kawo mini da kukan "koyiloba ta yi tauri", idan na leƙa ba sifirin ne matsalar ba. An sauke motar ne har ta zauna a kan robar da ke jikin sandar shokazoba, wadda aka sa don ta tare bugu na ƙarshe. Za ka ga robar ta tsattsage, ta yi gari. Mota a wannan hali ba a kan sifirin take tafiya ba, ko 4 ka saka sai ta jijjiga maka haƙora. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar shokazoba, ka tura shi ƙasa ya taɓa jikinta, ka yi tafiyarka ta yau da kullum, ka dawo ka duba inda ya tsaya. Idan ka tarar ya nutse cikin robar sama, tafiyar shokazoba ta ƙare maka.

Don haka a 86 ni ban cika wuce milimita 25 zuwa 30 ba. Ka tsuguna ka kalli hannun ƙasa na gaba. Daga kamfani gefensa na wajen taya yana ɗan ƙasa da na ciki. Idan ka sauke motar har gefen taya ya koma sama da na ciki, ka lalata tsarin: motar za ta fi son kwanciya duk da ta yi ƙasa, sitiyari kuma zai riƙa fizga da kansa idan ta hau tudu saboda tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya karkace.

Ka kuma san irin wadda za ka saya. Akwai mai zobe ɗaya, inda ɗaga kujerar sifirin ko sauke ta shi ne yake canza tsayi, kuma duk abin da ka sauke daga tafiyar shokazoba ka ɗebe shi. Akwai mai ƙoƙon ƙasa da ake murɗawa daban, tsayi ya canza ba tare da an taɓa sifirin ba. A wannan ta biyun mutane suna matse zobe da tunanin suna ƙara tauri. Sifirin mai zagaye iri ɗaya daga sama har ƙasa taurinsa ba ya canzawa don ka matse shi, 6 yana nan 6. Abin da ka yi shi ne ka ɗaga motar, ka kuma rage mata nisan da taya za ta iya sauka cikin rami. Ka bi abin da takardar kamfani ta ce, yawanci milimita kaɗan ne, don kada sifirin ya yi lilo idan an ɗaga mota.

Kafin ka ɗaura, ka shafa wa zaren jikinta man hana tsatsa, in ba haka ba ranar da za ka so gyara tsayi zoben ya riga ya manne. Notunan da ke kama bushin na roba kada a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye, sai ta sauka a kan tayoyinta, idan ba haka ba bushin zai zauna a murɗe ya yage da wuri. Bayan ta ɗan yi tafiya ta zauna, sai a yi saitin ƙafa. Idan akwai inda ke da sikeli huɗu, a ɗora ta kana ciki, a kwance linkin sitabilaiza, wato sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don rage kwanciyar mota, a gyara zobba har nauyin gaba-dama da baya-hagu ya zama rabin nauyin motar. Shi ke sa ta ɗauki kwanar dama da ta hagu iri ɗaya.

Direban Fili ya amsa:

Da girmamawa ga Malam Injiniya, lissafinsa daidai ne, amma ban yarda da 5/7 ga wanda zai shiga fili yana koyo ba.

Ƙa'idar Olley ta jin daɗin tafiya ce a miƙaƙƙen titi. A kwana wani abu ne daban yake aiki: ɓangaren da ya fi tauri shi yake ɗaukar kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe, kuma shi yake fara sakin ƙasa. Ka taurara baya, baya zai fara zamewa. Wannan mota da tayoyin baya take turawa, kuma Toyota tun daga kamfani ta saita tata da baya mai ɗan tauri fiye da na tagwaiyarta Subaru BRZ, shi ya sa gindinta yake saurin fita. Mai koyo yana bukatar baya da zai zauna idan ya taka mai a fitar kwana.

Na biyu, MacPherson ba ya ƙara wa taya kamba, wato karkatar saman taya zuwa ciki, sosai idan mota ta kwanta. Jiki ya karkata, tayar waje ta bi shi, ta koma tana tafiya a kan kafaɗarta. Duba tayar gaban duk wanda ya fito daga fili da saitin kamfani, za ka ga gefen waje ya cinye, rubutun jikin tayar ma ya fara gogewa, ciki kuwa kamar sabo. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke sayar da 6/6 ko makamancinsa ga wannan motar, ba don ba su iya lissafi ba. Ni 6/6 nake amfani da shi, da kamba wajen digiri 2.5 a gaba, kuma motar tana shiga kwana yadda nake so, tana fita ba tare da na yi kokawa da sitiyari ba.

Inda muka haɗu da Malam shi ne 10/8 da 8/8 ba naka ba ne da wannan tayar. Kuma ka tabbata wadda za ka saya tana ba ka hanyar gyara kamba a gaba, ko ta farantin da ke saman shokazoba ko ta ramin noti na ƙasa, domin motar ba ta zo da wannan saitin ba. Farantin sama mai ƙwallon ƙarfe yana shigo da ƙara cikin mota, ka san da wannan tunda kullum kake hawanta.

Ɗan-86 ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, yanzu na gane abin da nake kallo. Na cire 8/8 da 10/8 daga lissafi. Saura tsakanin 5/7 da 6/6. Idan na sayi 6/6 daga baya na ga baya ya yi mini laushi, zan iya canza sifirin kaɗai ba tare da na taɓa shokazoba ba?

Injiniya Tsoho ya amsa:

Za ka iya, kuma maganar Direban Fili tana da ƙarfi, musamman ta kamba. Ni hanyar aikinka ta kullum na fi dubawa, shi fili ya duba. Tsakanin 5/7 da 6/6 babu wanda zai cuce ka.

Idan za ka canza, ka kula da faɗin cikin sifirin. Akwai milimita 60, akwai 62, akwai 65, akwai inci 2.5, kuma ba sa hawa kujerar juna daidai. Tsawonsa ma ka dace da na da. Kamfanonin Eibach da Swift suna yin irin waɗannan a tauri daban-daban. Abin da aka saba bi shi ne bawul ɗin shokazoba yana ɗaukar ƙarin kilo 2 ko ragin kilo 2 daga sifirin ɗin da aka haɗa ta da shi, abin da ya wuce haka sai an buɗe ta an sake mata bawul. Daga 6 zuwa 7 a baya kana cikin iyaka. Amma kafin ka kai ga sifirin, ka gwada sitabilaiza mai ramukan saiti, domin tana canza rabon gaba da baya a kwana ba tare da ta taɓa yadda motar ke hawa tudun da tayoyi biyu suka hau tare ba.

Idan ka ɗauki mai danni, ka duba takardarta ka ga daga ina ake ƙirga, yawanci daga mafi tauri ne ake dawowa baya. Ka fara da inda kamfani ya ce, ka zaɓi hanya ɗaya da ka sani mai tudu da kwana, ka riƙa canza ɓangare ɗaya kawai, danni biyu a lokaci guda, kana rubutawa. Idan motar ta hau tudu ta ci gaba da lilo sau biyu ko uku, miƙewa ta yi laushi. Idan kuma ka bi jerin ƙananan tudu ka ji tana ƙara tauri tana yin ƙasa, miƙewa ta yi yawa, sifirin bai samu ya dawo ba kafin bugu na gaba, sai ka sassauta. Ka auna iskar tayoyin huɗu da sanyinsu kafin kowane gwaji, ka kuma bar maɗaurin robar nan da Mai Sifana ya faɗa a jikin sandar, ka riƙa duba shi bayan kowace fita.